WAƘA BA TA JINYA

Yau kam sai kun yi haƙuri da ni, domin alƙalamin nawa da zafinsa ya fito, kuma na san wasu za su karanta su ce wance ta cika sa ido. Na ji na ɗauka. Gaskiya dai ɗaci gare ta, amma gara a sha ta tun da sauran lokaci.

Abin da ya tunzura ni shi ne, kwanakin baya wata amarya 'yar maƙwabtanmu, wadda ko shekara biyu ba ta rufa a ɗakinta ba, ta faɗo min gida da hantsi ido jawur, wai ita ta gaji, gidansu za ta tafi. Na ce, "Subhanallahi, dukanki yake yi?" Ta ce a'a. "Cefane ne ya gaza?" Ta ce a'a. "Zaginki yake, ko kin kama shi da wata?" Nan ma ta girgiza kai. Na ce, "To ke kuwa mene ne?" Sai ta buɗe baki ta ce min, "Anti, wallahi bai iya soyayya ba." Ta zaro waya ta kunna min wata tsohuwar waƙar Turanci da aka rubuta fassararta a ƙasa, wani yaro yana rera ta murya na rawa kamar zai shiɗe, ta ce, "Anti, ki ji fa yadda ake son mace." Ni kuwa na yi tagumi ina kallonta, domin ban manta ba, wannan mijin da ake cewa bai iya so ba, lokacin da ta yi ɓari aka kwantar da ita, kwana tara ya yi yana shimfiɗa tabarma a barandar asibiti sauro na cinsa, saboda ba a barin maza su kwana a ɗakin mata.

Bayan ta fita na ce sai na bi diddigin wannan waƙa na ga ƙwal uwar daka. Na bi kuwa, ga abin da na samo, ku ma ku yi alƙalanci.

Sunan waƙar Puppy Love, ta fito a 1960. Turawa in suna son raina soyayyar yara sai su kira ta soyayyar ɗan kwikwiyo, wato irin ɗokin nan da kwikwiyo yake yi wa duk wanda ya miƙo masa hannu, yau yana bin wannan gobe yana bin wancan. Wanda ya tsara ta ya kuma rera ta shi ne Paul Anka, ba Ankan Zamfara ba, wani yaro ne da aka haifa ran 30 ga Yuli 1941 a birnin Otawa na ƙasar Kanada, iyayensa 'yan asalin yankin Sham ne, mahaifinsa yana da gidan sayar da abinci. Abin da waƙar ta ƙunsa a taƙaice, kukan saurayi ne a kan manya sun raina abin da ke zuciyarsa don suna ganin shi da masoyiyarsa yara ne, alhali shi a wurinsa abin ya kai maƙura. Wadda ya yi wa waƙar kuwa sananniya ce, Annette Funicello, wadda aka haifa a 1942, Walt Disney da kansa ya hango ta a wurin wata rawa tana 'yar shekara 12 ya sa ta a shirin yara na talabijin mai suna Mickey Mouse Club a 1955, har ta zama ba yarinyar da samarin Amurka suke mafarki kamarta. Lokacin da waƙar ta fito shi yana da shekara 18, ita tana da 17. Waƙa ta yi kasuwa har ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin mujallar Billboard, ita ma Annette a shekarar ta fitar da faifai guda na waƙoƙin da ya tsara mata. Duk wanda ya gan su a lokacin cewa zai yi sai mutuwa.

To, sai me ya faru? A watan Fabrairu na 1963, shekara uku kacal bayan wannan kuka, Paul Anka ya angwance a birnin Faris da wata daban, Anne de Zogheb, 'yar wani jami'in jakadancin Labanan. Ita ma Annette a watan Janairu na 1965 ta auri Jack Gilardi, wakilinta mai nemo mata aiki a harkar fim. Kowa ya kama gabansa. Kuma kada ku ɗauka ita ce ta farko da ya yi wa irin wannan kuka. A 1957, yana ɗan shekara 15, ya je Niyok ya yi waƙar Diana a kan wata 'yar garinsu da ta girme shi, waƙar da ta yi mako tara tana ta ɗaya a Ingila. Murya ɗaya, hawaye ɗaya, suna ne kawai ya canza.

Ba zagin bawan Allah nan nake yi ba, kuma ban ce ƙarya ya yi ba. Ina da yaƙinin ranar da ya zauna ya tsara waƙar nan har zuciyarsa yake jin abin, kamar yadda duk wadda ta taɓa zama 'yar shekara sha bakwai ta san yadda ƙirji ke bugawa in an aiko yaro ya ce ana sallama da wance. Aurensa na fari ma ya yi ƙarko, kusan shekara 38 suka yi da 'ya'ya mata biyar kafin su rabu a 2001, kodayake biyun da ya yi daga baya, na 2008 da na 2016, ba su je ko'ina ba. Rigimata da ke ce, 'yar uwa, ke da kika ɗauki minti biyu da 'yan daƙiƙai na kukan yaro ɗan shekara 18 kika mai da shi mudu kina auna mijinki da shi. Shi mai mudun ma bai auna rayuwarsa da shi ba.

Bari kuma na buɗe muku bayan labule, don ku san cewa wannan hawaye haja ce da ake kasawa a kasuwa. Kiɗan nan da ake kira rok an rol ya ɓarke a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, iyaye kuma suka ɗaga hankali suna ganin fitsara ce. Sai ga shi cikin ɗan lokaci manyan gwanayen kiɗan sun watse. Little Richard ya ajiye shi ya koma wa'azin coci a 1957. An ɗauki Elvis Presley soja a 1958. A shekarar nan dai asirin Jerry Lee Lewis ya tonu cewa ya auri 'yar danginsa mai shekara 13, kasuwarsa ta faɗi warwas. Buddy Holly ya mutu a haɗarin jirgin sama ran 3 ga Fabrairu 1959. Masu kamfanonin faifai kuwa ba za su zauna hannu rabbana ba, domin sun riga sun gano wata rijiya mai ruwa, wato 'yan matan sakandare masu ɗan kuɗin kashewa, ga ƙaramin faifan garmaho mai juyi 45 a minti wanda kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba. Sai suka shiga neman yara samari kyawawa masu gyararren gashi da kwat da ladabi, waɗanda uwa za ta gani a talabijin ba ta kashe ba, irin su Frankie Avalon da Bobby Rydell da Fabian. Shi Fabian ma a ƙofar gida wani mai kamfani ya tsince shi a birnin Filadelfiya yana ɗan shekara 14, don kyan fuskarsa, daga baya aka shiga koya masa waƙa. Ana kai su shirin American Bandstand na Dick Clark, wanda ya fara game ƙasar a 1957, 'yan mata na dawowa daga makaranta su zube gaban akwati. Har ta kai majalisar dokokin Amurka ta yi zaman bincike a 1960 a kan toshiyar da kamfanoni ke ba masu gabatar da shiri a rediyo don su yi ta maimaita faifansu har ya shiga kunne. Paul Anka ya fi sauran domin shi da hannunsa yake tsara waƙarsa, kuma gwani ne na gaske, shi ne ma daga baya ya rubuta wa Frank Sinatra baitocin Turanci na My Way. Amma kasuwar da ya kasa kayansa ita ce dai wannan.

Su wa ake sayar wa? A 1956, rabin matan Amurka masu auren fari ba su wuce shekara 20 da ɗan ɗoriya ba. Ke nan masu sayen faifan nan 'yan mata ne da ke bakin ƙofar ɗakin miji, ana cusa musu cewa alamar namiji mai so ita ce ya yi ta kuka da kiran suna.

In kuna son ƙarin shaida cewa haja ce, ga ta. A 1972 aka ɗauko wannan waƙa dai, aka karkaɗe mata ƙura, aka ba wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Donny Osmond ya sake rera ta, ta yi mako biyar tana ta ɗaya a Ingila, ta kai ta uku a Amurka. Wace Annette shi kuma yake yi wa kuka? Babu. Kowace yarinya da ta manna hotonsa a bangon ɗakinta gani take da ita yake. Shi ya sa da ya yi aure na gaske a 1978, yana da shekara 20, da yawa daga masoyan nasa suka juya masa baya, shi da bakinsa ya sha ba da labarin. Ku duba fa wannan abin mamaki! Yana rera soyayyar da babu kowa a cikinta ana sumewa, ran da ya ɗauki 'yar mutane ya kai ta ɗaki da mutunci sai aka ce ya ci amana. Auren nan nasa kuwa ya haura shekara arba'in.

Yanzu ku gyara zama ku ji ƙarshen labarin Annette, domin saboda shi na ɗauki alƙalami. Aurenta na fari ya mutu a farkon shekarun 1980 bayan 'ya'ya uku. A 1986 ta auri wani mutum mai suna Glen Holt, mai kiwo da horar da dawakin tsere. Ba mawaƙi ba ne, ba ɗan fim ba ne, ba wanda ya taɓa manna hotonsa a bango. Shekara ɗaya da auren, a 1987, tana aikin wani fim tare da Frankie Avalon, ta fara jin jikinta ba daidai ba. Likitoci suka gano tana da ciwon nan da ake kira maltiful sikilerosis. Yadda ciwon yake, garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar yadda ɓera ke gaigaye robar wayar lantarki, sai saƙo ya daina isa ga ƙafa da hannu da ido da harshe yadda ya kamata. Ya fi kama mata a kan maza, kuma akwai magungunan rage masa ƙarfi amma ba a kai ga na warkewa ba. Shekara biyar tana ɓoyewa, har mutane suka fara tsegumi don sun ga tana tangaɗi, wai giya take sha. Dole ta sa a 1992 ta fito ta faɗa wa duniya abin da ke damunta.

Daga sanda aka koma keken guragu. Wajen 2004 tafiya ta ƙare, wajen 2009 magana ta ɗauke. Yarinyar da ƙasa guda ta yi mafarkinta ta koma sai an kwantar an tayar, sai an ba ta abinci, sai an yi mata wanka, ba dare ba rana. Wa ke gefenta? Mai dawakin nan ne, shi ma ga tsufa ya kama shi. A 2012 wani gidan talabijin na Kanada ya shiga gidan ya nuno wa duniya halin da take ciki da irin ɗawainiyar da yake yi da ita yana neman mata magani. Yana nan tare da ita har ran 8 ga Afrilu 2013 da ta cika a garin Bakersfield na jihar Kalifoniya tana da shekara 70. Ku lissafa da kanku. Aure shekara 27, a ciki 26 da ciwo. Shekara guda tak ya samu da lafiyayyar mace.

To don Allah 'yan uwa, tsakanin wanda ya yi mata waƙa da wanda ya yi mata jinya, wa ya so Annette? Amma ku je ku tambayi duk mai sauraron tsofaffin waƙoƙi, kowa ya san Paul Anka, da wuya ki sami mutum ɗaya da ya taɓa jin sunan Glen Holt. Haka duniya take, ranar wanka ba a ɓoyon cibi amma ranar biki ake kiran maroƙa. Ba a buga faifai a kan wanda ya wanke zanen gado da tsakar dare, domin ba zai sayu ba.

Na san abin da wasunku za su ce. Za a ce, "Ke da kike rubuta littattafan soyayya, ke ce yau da wannan magana?" E, ni ce, kuma shi ya sa na fi kowa sanin sirrin tukunyar. Na san yadda ake zama a ƙera wa saurayi kalamai shafi uku ba numfashi, na kuma san cewa ni da na rubuta sai na yi kwana biyu ina gogewa ina sakewa. Ba namijin da zai dawo daga kasuwa ko ofis da gumi da yunwa ya zuba miki irinsu a tsaye. Mu marubuta muna da namu laifin, domin mun saba rufe littafi a ranar da aka kai amarya, daidai inda ainihin labarin yake farawa. Ina kira ga 'yan uwana masu alƙalami da mu riƙa shiga da masu karatu har cikin ɗakin, su ga haihuwa da rashin kuɗi da ciwo, su ga wanda ya tsaya da wanda ya gudu.

Wata kuma za ta ce ai wannan labarin Turawa ne, me ya haɗa mu da shi? Abin da ya haɗa mu shi ne wayar da ke hannunki. A 2021 wata tsohuwar waƙar wannan Anka ɗin dai, wadda ya yi tun 1959, ta sake tashi a TikTok ta zaga duniya, yara suna bi ba su ma san mai ita ya kai sa'an kakansu ba. In ma ba ki jin Turanci, ai kina jin na Indiya da na finafinanmu, kuma duk gwaggo ɗaya ta haife su, saurayi ya rantse zai mutu, budurwa ta rantse za ta bi shi. Ban ce kada ki ji daɗin waƙa ba, ni ma ina wanke-wanke ina bin wadda ta yi min. A sha a yi nishaɗi a ajiye ta inda aka ɗauke ta.

Akwai kuma wadda za ta ce, "Wato mu haƙura da maza kamar duwatsu, ba sannu ba madalla?" Ko kusa ban faɗa ba. Kyakkyawar magana haƙƙin mace ce, kuma mazanmu da yawa suna da rowar baki, ka ga mutum yana zuba zance kamar kanya lokacin da yake nema, ana shafa fatiha sai ya koma kurma. Wannan aibi ne, kuma in littafin nan ya faɗa hannun wani maigida to ya ji da kyau, "sannu da aiki" da "kin yi kyau" ba sa rage ko kwabo a aljihu, rashinsu kuwa shi ke tura matarka wajen mawaƙi. Amma ke 'yar uwa ki bambance gishiri da tuwo. Miya ba gishiri lami ce, ana iya gyara ta. Wadda ta zubar da tuwo ta rungumi ƙullin gishiri kuwa da yunwa za ta kwana.

Iyaye mata, ku ma ga naku. Abu ɗaya da yaron nan ya faɗa daidai shi ne, raini yana da ciwo. Waƙarsa ba ta yi kasuwa ba sai don dubban yara sun ji ga wanda ya san zafin da suke ji, a lokacin da na gida suke yi musu dariya. In 'yarki ta zo miki da zancen wani, kika ce, "Ke tafi can, me kika sani, yaushe aka haife ki?" to kin rufe ƙofa da hannunki, gobe ba za ta sake faɗa miki ba, sai ta koma wa ƙawa da waya. Ki zaunar da ita ki saurara, ki nuna mata kin san abin da take ji gaskiya ne, sannan ki koya mata tambayoyin da waƙa ba ta yi. Yaya yake da mahaifiyarsa? In ransa ya ɓaci me yake yi? Yana da sana'a, kuma yana riƙe alkawarin ƙaramin abu? Ran da kika yi rashin lafiya ya zo dubiya, ko saƙon kalamai ya turo? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, in aka sa ƙarfi karyewa yake.

Ku kuma 'yan matana, ba na raina abin da ke ranku, na bi ta hanyar. Sai dai ku sani zafin so ba ya nuna tsawon ransa. Wutar kara ta fi kowace wuta haske da ƙara, ita ce kuma take riga mutuwa. Duk saurayin da ya ce miki in babu ke sai ya mutu, ki yi murmushi ki tuna da Diana da Annette, mai yi musu kukan ya haura shekara tamanin a duniya.

Amaryar maƙwabtanmu kuwa, da yamma na aika aka kira min ita, na ba ta labarin nan tun daga fari har ƙarshe. Da na zo kan mai dawaki sai na ce, "Ke wa ya kwana a baranda saboda ke?" Ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba, can sai na ga hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Ban bar shi shi ma ba, na sa maigidana ya ja shi gefe bayan sallar isha'i ya gaya masa cewa mace ba buhun hatsi ba ce da za a ajiye a ɗaki a tafi, ya riƙa buɗe baki. Har yanzu dai tana ɗakinta, jiya ma ta aiko min da ɗanwake.

Allah ya haɗa 'yan matanmu da masu riƙe su ran da ƙafa ta gaza, ya ba matan aure zaman lafiya a ɗakunansu, mu kuma ya shirye mu da alƙalumanmu, amin. Wadda maganata ta ɓata wa rai ta yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, taku har kullum.